Samanja da ire-irensa: me ya sa suna yake nisa amma aljihu ba ya bin sa?

Duk sanda wani tsohon ɗan wasan kwaikwayo ya kwanta ciwo ko ya riga mu gidan gaskiya, tambaya guda ce ke tasowa a Facebook da majalisun unguwa: mutumin da Arewa kaf ta san fuskarsa, ta haddace maganarsa, me sunan ya tsinana masa? An yi tambayar lokacin da ake gangamin tara wa Sadiq Daba kuɗin magani. An yi ta a 2022 da hirar tsohuwar 'yar wasa Ladin Cima a kan abin da ake biyan ta ta tayar da ƙura. An sake yin ta ranar 12 ga Nuwamban 2023, da labari ya fito daga Kaduna cewa Allah Ya yi wa Usman Baba Pategi rasuwa. Da yawa sai a ranar suka ji sunansa na yanka, domin Samanja kawai suka sani.

Amsoshin da aka fi bayarwa biyu ne, kuma duk na gaggawa ne. Wasu su ce ai sun samu, sun ɓarnatar. Wasu su ce 'yan Kannywood ne marasa tausayi da suka yi watsi da iyayen sana'arsu. Kowace tana iya dacewa da wani mutum guda, amma babu wadda ta taɓo tushen maganar. Tushen yana cikin irin aikin da waɗannan mutane suke yi, da yadda aka saba biyan sa tun daga zamanin rediyo har zuwa na YouTube. Rayuwar Samanja ta isa a bi a ga yadda abin yake.

Jarumi daban, ɗan wasan hali daban

A bakin masu kallo, duk wanda ya fito a allo jarumi ne. A wajen masu shirya fim kuwa akwai bambanci, kuma bambancin na kuɗi ne. Jarumi shi ne wanda labari ke zagaye shi, shi ake sa wa hoto a fasta, da sunansa ake sayar da fim. Sai kuma wani rukuni da ake kira idan ana neman wani hali na musamman: mugun kawu, uwar miji mai faɗa, maigadi, boka, dagaci, malamin tsibbu, ɗan sandan da ba ya jin bari. Waɗannan su nake nufi da 'yan wasan hali. Ba kyawun fuska ake nema a wajensu ba. Abin da ake nema shi ne da zarar sun shigo, kafin su buɗe baki, mai kallo ya gane wane irin mutum ne ya shigo, ya kuma tuna wani da ya sani a unguwarsu.

Wannan fasaha ta girmi talabijin a ƙasar Hausa. 'Yan kama sun daɗe suna kwaikwayon malamai a bainar jama'a, suna wa'azi a kan tuwo da miya. A wasan gauta matan fada kan kwaikwayi sarki da hakimansa, kowa da tafiyarsa da maganarsa. Yaran tashe ma, da suke shigar tsoho ko ta Bagwari a watan azumi, hali suke ɗauka. Abin da rediyo da talabijin suka ƙara shi ne maimaici: hali ɗaya, mutum ɗaya, kowane mako, shekara da shekaru. A nan ne sunan wasa ke haɗiye sunan yanka. Karkuzu, Golobo, Hankaka, Tambaya, Ibro: kaɗan ne daga masu kallo za su iya kawo sunayensu na gaskiya ba tare da sun tsaya tunani ba.

Samanja ya ɗan bambanta da sauran ta fuska guda. Shi ne ginshiƙin shirinsa, ba ɗan rakiya ba ne. Amma yadda ya yi aikin na ɗan wasan hali ne zalla: ya ɗauki mutum ɗaya ya zauna a cikinsa har ƙarshen rayuwa.

Banufen da ya zama samanjan Hausawa

An haifi Usman Baba a 1942 a Pategi, garin Nufawa da ke bakin kogin Kwara, a jihar Kwara ta yanzu, kuma ɗan gidan sarautar garin ne. Wannan kaɗai abin lura ne: mutumin da ake lissafawa cikin iyayen wasan kwaikwayon Hausa ba da Hausa ya buɗe baki ba. Ya yi karatu a Pategi da Ilorin, sannan ya hau zuwa Kaduna, wadda a lokacin ita ce hedikwatar Jihar Arewa. Ya taɓa aiki a ma'aikatar ayyuka kafin ya shiga gidan watsa labarai na Arewa, wanda gwamnatin Sardauna ta buɗe a 1962 da rediyo da talabijin.

Sai yaƙin basasa ya ɓarke a 1967. Usman Baba yana cikin samarin da suka amsa kira suka shiga soja, ya samu horo a sashen sadarwa. Ya bar kaki a 1985 ya ci gaba da aikin da aka fi saninsa da shi a Kaduna, wato shiryawa da fitowa a wasanni na rediyo da talabijin. Shirin Samanja Mazan Fama ya faro ne tun shekarun 1970, ya kai har tashoshin NTA na ƙasa baki ɗaya suna nuna shi.

Ke nan bai ari rayuwar bariki daga littafi ba. Ya kwana a cikinta, ya ga faretin asuba, ya ga yadda samanja ke tsaye tsakanin hafsoshi da ƙananan sojoji: yana ƙame wa na sama, yana ruri a kan na ƙasa, da yamma kuma ya koma gida iyali su juya shi yadda suke so. Duk dariyar shirin daga wannan tsaka-mai-wuyar take fitowa.

Me ya sa halin ya kama mutane haka?

Dalili na farko lokaci ne. Kafin yaƙi sojojin Najeriya ba su wuce kimanin 10,000 ba. Da aka ajiye makamai a Janairun 1970 sun kai wajen 250,000. Kusan kowane gari akwai bariki ko sansani, kowace zuriya akwai wanda ya sa kaki. Ƙasar kuma tana hannun soja daga 1966 zuwa 1979, ta sake komawa hannunsu a ƙarshen 1983. Farar hula na tsoron soja, yana kuma son sanin me ke faruwa bayan shingen bariki. Samanja ya buɗe masa ƙofa, ya nuna masa soja mai bashi, mai rigimar gida, mai kuskure, wanda ake iya yi wa dariya ba a sha bulala ba. A zamanin da jarida ke taka-tsantsan da duk abin da ya shafi kaki, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Sojojin kansu sun karɓi shirin, don sun ga nasu ne ke yi, kuma zolayar ba ta cin mutunci ba ce.

Dalili na biyu harshe. Bariki mahaɗar ƙabilu ce: Tibi, Angas, Bachama, Zuru, Kanuri, Yarbawa, kowa da tasa Hausar. Samanja ya ɗauki wannan Hausar bariki da ake cakuɗawa da guntayen Turanci, inda namiji kan koma mace a nahawu, umarnin fareti kuma ya faɗo a tsakiyar hirar gida, ya mai da ita kayan aiki. Bahaushen Kano yana dariya don ya ji an karya harshensa, wanda Hausa ba tasa ba kuma yana dariya don ya ji kansa. Da shirin ya koma na ƙasa baki ɗaya, Turancin buroka ya ƙara yawa a cikinsa don na Kudu su bi. A ganina nan ne hikimar mutumin ta fi fitowa, kuma nan ne ake yawan raina ta. Karya harshe da gangan, a karya shi daidai inda zai ba da dariya ba tare da ma'ana ta ɓace ba, sai wanda ya san harshen ciki da bai.

Daɓe, rediyo, talabijin: aiki uku ne

'Yan wasan wancan zamani ba su da makarantar koyon fim. Makarantarsu daɓe ce: dandalin makaranta, zauren taro, filin bariki, bikin hukuma. Ƙungiyoyi irin su ta Maitama Sule da Tumbin Giwa a Kano daga wasan daɓe suka taso kafin su shiga talabijin, kuma Tumbin Giwa ce ta fitar da Turmin Danya a 1990, fim ɗin da ake ƙirga farkon Kannywood daga kansa.

A daɓe babu a yanke a sake. Dole murya ta kai layin ƙarshe, dole ka san lokacin da za ka dakata jama'a su gama dariya kafin ka jefa magana ta gaba. A rediyo babu fuska, babu kaki, murya ce za ta sa mai sauraro ya ga gashin baki da sandar hammata. Talabijin kuwa tana kama ƙiftawar ido, don haka abin da ya yi daidai a daɓe kan zama wuce gona da iri a gaban kyamara. Yawancin wasannin Hausa na lokacin ba a rubuta su kalma bayan kalma ba. Ana zama a tsara ƙashin labari, kowa ya san inda za a faro da inda za a sauka, sauran kuma daga kan ɗan wasa zai fito. Wato mutum irin Samanja ko Kasimu Yero, wanda ya rasu a 2017, yana wasa ne yana kuma rubutu a lokaci guda. A riƙe wannan, don zai dawo idan an zo maganar kuɗi.

To ina kuɗin?

A zamanin su Samanja gidajen rediyo da talabijin na gwamnati ne. NTA ta haɗe tashoshin talabijin na ƙasar a 1977, gidan rediyon Kaduna kuma ya koma ƙarƙashin Rediyon Tarayya a 1978. Ɗan wasa ɗaya ne cikin biyu: ko ma'aikacin tashar mai albashi, ko ɗan ƙungiyar da ake ba alawus a kan kowane shiri. Shirin mallakar tasha ne. A nuna shi sau ɗaya ko sau ɗari, a Kaduna ko a Legas, abin da aka ba ka ranar farko shi ke nan. Mai kallo ma ba ya sayen tikiti. Saboda haka mutum na iya shiga gidaje miliyoyi kowane mako, samunsa kuma bai wuce na ma'aikacin gwamnati mai matsakaicin mataki ba. Daga baya faɗuwar darajar Naira, tun daga tsarin tsuke bakin aljihu na 1986, ta cinye albashin da fanshon tare.

Duk da haka, wanda ke da albashi a wancan tsarin ya fi na bayansa kwanciyar hankali. Da kaset ya zo, harka ta koma hannun 'yan kasuwa. A lokacin furodusa na sayar da fim ga dillalan kasuwar Kofar Wambai ta Kano, su kuma dillalai suna tambayar waye a fasta. Kaso mafi tsoka na kuɗin 'yan wasa sai ya tafi ga fuskoki biyu ko uku da ke sayar da kaya. Wadda za ta fito a uwa ko wanda zai fito a liman ana kiransu lokeshan, a ɗauki fitowarsu biyu ko uku cikin yini ɗaya, a sallame su. Kalmar da ake amfani da ita ke nan, sallama, kuma galibi babu takarda.

Wannan ne ya fashe a Fabrairun 2022, lokacin da Ladin Cima, wadda aka fi sani da Tambaya, ta shaida wa BBC Hausa cewa abin da ake ba ta a fim kan kama daga Naira 2,000 zuwa 5,000. Jama'a suka fusata. Mawaƙi Naziru Sarkin Waƙa ya goyi bayanta. Ali Nuhu da Falalu Ɗorayi suka fito suka ce su sun biya ta fiye da haka a ayyukansu.

Hujjar masu shirya fim ita ce ana biya ne gwargwadon yawan fitowa, kuma kasuwar kanta ta mutu: satar fasaha da tura fim a waya sun kashe faifai, mai zuba jari da ƙyar yake mai da uwar kuɗi. Ba ƙarya suka yi ba. Hujjar ɗaya ɓangaren ita ce, wannan fitowa biyun ba ta yini ɗaya ba ce, shekaru arba'in na gogewa ne aka zo aka ɗiba cikin awa guda, kuma sau da yawa maganar da tsohuwar ta faɗa a wurin ba marubuci ne ya ba ta ba. Ni dai na fi karkata nan. Wanda ya ƙirƙiri hali, ya sa masa murya da karin magana, ya yi aikin marubuci ko da ba a rubuta sunansa ba, kuma awon yini ba ya auna wannan.

Akwai kuma tarkon da ke cikin nasarar kanta. Idan hali ya kama ka, ya kama ka ke nan. Wa zai yarda da Samanja a matsayin malamin makaranta mai sanyin murya? Jarumi na iya tsufa ya koma fitowa a uba ko attajiri. Ɗan wasan hali kuwa, ran da aka daina yayin halinsa, wayarsa ta daina ƙara. Ga shi kuma jama'a na ganinsa a matsayin babban mutum, ba ya iya zama a bakin kasuwa ya kasa kaya ba a yi ta nuna shi ba.

Ba a Arewa kaɗai ba

Kwana uku kafin rasuwar Samanja, ranar 9 ga Nuwamban 2023, 'yan wasan Amurka suka janye yajin aikin da suka shafe kwana 118 suna yi. Ƙungiyarsu mai mambobi kimanin 160,000 ta ce wajen kashi 86 cikin 100 nasu ba sa samun dala 26,470 a shekara, wadda ita ce mafi ƙarancin abin da zai ba mutum damar shiga inshorar lafiyar ƙungiyar. Ashe can ma 'yan ƙalilan ne ke kwasar miliyoyi.

Bambancin shi ne su suna da abin da suke faɗa a kansa. Tun bayan wani yajin aiki a 1960, lokacin Ronald Reagan na shugaban ƙungiyar, aka kafa tsarin fansho da na biyan ɗan wasa wani kaso idan an nuna fim ɗinsa a talabijin. Tsohon da ya fito a ɗan sanda shekaru talatin da suka wuce yana iya samun 'yar takardar kuɗi idan aka maimaita shirin. Rikicin 2023 ma a kan yadda wannan kaso ya ƙanƙance ne a zamanin kallo ta intanet.

A Najeriya doka ba ta yi shiru ba. Ƙasar ta amince da yarjejeniyar Beijing ta kare haƙƙin 'yan wasa a 2017, sabuwar dokar haƙƙin mallaka da aka sa wa hannu a 2023 ta tanadi haƙƙin mai wasa a kan aikinsa, akwai kuma ƙungiyar AVRS da aka ba lasisin karɓar kuɗin nuna finafinai a madadin masu haƙƙi. Matsalar ita ce doka tana aiki ne da takarda. Wanda aka sallama da hannu a bayan mota ba shi da abin da zai nuna wa lauya.

Abin da ya shafi mai kallo

Na farko, nauyin yana dawowa kan jama'a ta hanyar roƙo. Sadiq Daba, wanda ya yi suna a Cockcrow at Dawn ya kuma ci kyautar gwarzon ɗan wasan Afirka a 2015 da fim ɗin October 1, sai da aka yi masa gangami kafin rasuwarsa a 2021. Karkuzu na Jos, da tsufa da ciwon ido suka taru masa, sai da bidiyonsa ya zagaya a 2023 kafin ɗan ƙwallo Ahmed Musa ya saya masa gida. Allah Ya saka wa masu taimako. Amma taimako irin wannan yana zuwa ne ga wanda bidiyonsa ya yi farin jini, kuma sai bayan dattijo ya zubar da hawaye a gaban waya. Waɗanda kunya ta hana, ba a jin labarinsu sai an yi jana'iza.

Na biyu, aikin kansa yana ɓacewa. Kaset na ɗaukar shiri yana da tsada a wancan lokacin, don haka tashoshi kan goge tsohon shiri su ɗora sabo a kai. Ba Najeriya kaɗai ba, BBC ma ta yi asarar shirye-shirye da dama ta haka. Waɗanda suka tsira kuma zafi da ƙura suna cin su a ɗakunan ajiya. Matashin da ke son ganin abin da ya sa iyayensa ke ambaton Samanja, abin da zai samu a YouTube guntaye ne masu dishi-dishi, galibi wani ne ya ɗora a shafinsa, kuma idan talla ta kawo wani abu ba iyalan mamacin za ta kai wa ba.

Na uku ya fi daɗin ji. Tun da Arewa24 ta fara aiki a 2014, sannan shirye-shirye masu dogon zango suka mamaye YouTube, kasuwar 'yan wasan hali ta farfaɗo. Shiri irin Daɗin Kowa ba ya tsayuwa a kan saurayi da budurwa kaɗai, gari guda yake buƙata: malamin allo, mai unguwa, dillaliya, ɗan daba, kishiya. Kuma tunda halin zai dawo kowane mako, mai shiri ba ya iya sauya ɗan wasan ba tare da masu kallo sun yi ca ba. Wannan ya ba su ƙarfin ciniki da ba su da shi a zamanin faifai, ya kuma dawo da wani abu mai kama da albashi. Sai dai tsohuwar tambayar tana nan: shirin da aka ɗora a intanet yana ci gaba da kawo kuɗin talla shekaru bayan an gama ɗauka, kuma sai abin da aka rubuta a yarjejeniya ne zai nuna ko wanda ya fito a maigadi yana da kaso a ciki. Ƙungiyoyin 'yan fim irin su MOPPAN da ƙungiyar 'yan wasa su ne ke da hurumin tsayar da mafi ƙarancin sallama, da tilasta rubuta yarjejeniya, da shigar da dattawan sana'ar cikin inshorar lafiya tun ƙafarsu na iya kai su lokeshan.